Ranar da Muhtari Mai Ƙafa Ya Shiga Motar Surukinsa

Idan ka shigo Ƙaura da motar da ke janka gefe, ko wadda ke ƙwanƙwasa duk sanda ta faɗa rami, ba sai ka wahalar da kanka da cigiya ba. Tambayi kowane mai faci, zai tura leɓe wajen hanyar Shinkafi ya ce ka nemi rumfar Muhtari Mai Ƙafa, tana hannun dama in za ka fita gari. Kada ka je kana kallon ƙafafunsa, domin ta hagun ma ɗingisa ta yake yi. Aikinsa ne ƙafar mota, wato duk ƙarafan da ke riƙe da taya suna haɗa ta da sitiyari. Inji ba ruwansa da shi. Aikin wayar wuta kuwa, in ka kawo masa sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa.

Gajere ne, baƙi, da furfura a gemu da jan goro a haƙori, kuma haƙurinsa bai cika cokali ba. Direbobi suna tsoron bakinsa, amma suna dawowa, saboda wata ɗabi'a tasa da ba za ka same ta gun wani bakanike ba daga Gusau har Zurmi. Malam Muhtari ba ya ɗora sifana a kan mota sai ya shiga kujerar gaba mai motar ya tuƙa shi. Ba ya karɓar tuƙin. Ba ya kallon hanya kuma. Hannun direba yake kallo.

Dalilinsa shi ne, motar da ke ja ba rana ɗaya take farawa ba. A hankali take yi, yau kaɗan gobe kaɗan, hannun direba kuma yana tare ta ba tare da mai hannun ya sani ba. Bayan wata uku ka tambayi mutum, sai ya rantse maka da Allah motarsa a miƙe take tafiya, kuma ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Amma dubi damtsensa a ɗaure, dubi yadda ya riƙe sitiyari kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Malam Muhtari zai bari a wuce ƙarshen gari, inda kwalta ta miƙe babu rami, sannan ya ce, "Saki." Direba ya saki. Motar da aka gama rantsuwa a kanta ta kama hanyar gonar mutane. A nan ne zai tofar da tuƙar goro ta taga ya ce a koma.

In an koma rumfa ma ba ya gaggawar ɗaga mota. Iskar taya yake fara aunawa, don sau da yawa ita ce ciwon gaba ɗaya, kuma ya sha korar mutum da cewa tafi gun mai faci ka ba ni wuri. Daga nan ya kai bayan hannunsa kusa da kowace taya ta gaba. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi, birkinta ne ke riƙewa. Sannan ya shafa tafin hannu a kan tayar daga waje zuwa ciki, idonsa a rufe, domin tayar da ke tafiya a karkace gefe guda take cinyewa, kuma hannu yana rigan ido sanin haka. Sai bayan wannan duka ya sa jak. Ya kama taya dama da hagu ya girgiza. In ta yi wasa, tayarod ne, sandar da ke kai wa taya saƙon sitiyari. Ya kama ta sama da ƙasa. In ta yi wasa nan, to abin ya kai ga bol-joyin, ɗan dunƙulen ƙarfen nan da tayar gaba take juyawa a kansa, wanda shi Malam Muhtari ke kira gwiwa. Bushin, robar da ke tsakanin ƙarafan, in ya mutu surutu zai dame ka da shi, shoka in ta mutu hanjinka za ta jijjiga. Gwiwa kuwa, ranar da ta fita daga gurbinta taya naɗewa take yi ƙarƙashin mota, kuma ba ta sallama kafin ta fita.

Su kuwa direbobin layin Shinkafi, Allah ya shirye su, suna da nasu maganin. Mota na ja dama? A dura wa tayar dama iska har ta yi tauri, a rage wa ta hagu, shi ke nan ta miƙe. Ƙwanƙwasa ta yi yawa? A yanko robar tsohon tub a naɗe gwiwar tam, ta yi shiru kwana biyu. Kuma ba duka ne rashin hankali ba. Tun da mutanen daji suka addabi hanyar nan, babu direban da ke taka birki don rami tsakanin Moriki da Shinkafi. Wa zai rage gudu a inda bai san wanda ke kallonsa daga cikin dawa ba? Sai a bi ta kan ramukan a guje, ƙafar mota tana shan duka safe da yamma, ƙarfen da a da yake shekara biyu yanzu damina ɗaya ta cinye shi. Malam Muhtari ya san haka sarai. Duk da haka in ya ga robar tub a gwiwar mota sai ya wanke mai ita tas.

Wanda bai san asalin abin ba sai ya ce masifar tsufa ce kawai. Shi ma direba ne a da. Shekara ashirin da uku da suka wuce yana da motarsa ta haya a wannan layin, kuma yana ji da kansa. Motar ta fara ja dama, ya ƙara iska. Ta fara ƙwanƙwasa, ya ƙara muryar rediyo. Ƙanensa Imrana, wanda suke ciki ɗaya, ya taɓa ce masa, "Yaya, wagga mota kamar tana son dama." Ya ce ya sani, zai lallaɓa ta har bayan kasuwar Alhamis ta Shinkafi. A ranar Alhamis ɗin, kafin su kai Moriki, tayar gaba ta naɗe. Imrana ne a kujerar gaba, da ƙullin takalman da zai kai kasuwa a kan cinyarsa. Muhtari ya farka a asibiti da karyayyar cinya, ya tarar an yi jana'izar Imrana da kwana biyu. Bai sake riƙe sitiyari ba. Da ya warke sai ya je ya durƙusa gaban wani tsohon bakanike, yana da shekara talatin da biyar a duniya, ya ce a koya masa ƙafar mota, ita kaɗai. Har yau ba ya iya jure jin direba ya ce zai lallaɓa mota.

A shekarar da abin ya faru aka haifa masa 'yar fari, aka sa mata Bara'atu. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajenmu: uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya nuna ya san da zamansa. Da aka yaye ta, yayarsa Asabe ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma can cikin gari. Malam Muhtari ya riƙe wannan kunya fiye da yadda mutanen yanzu ke riƙe ta. Shekara ashirin da uku bai taɓa furta sunan ba. In zai yi maganarta sai ya ce "yarinyar wajen Yaya." In ta zo ta durƙusa gaishe shi, bango yake amsa wa. Amma duk takalmin makarantar da ta taɓa sawa shi ya kai wa Asabe cikin baƙar leda, yana cewa wai wani ne ya ba shi. Yana sonta so mai tsanani, kuma bai san inda zai kai shi ba.

Bara aka ɗaura mata aure da Bilyaminu, wani natsattsen saurayi ɗan Shinkafi da ita ta kawo da kanta, aka kai ta can. To, ga inda Allah ya jarrabi Malam Muhtari. Bilyaminu direban haya ne, a kan layin nan dai, da wata tsohuwar farar mota. Kullum da hantsi ya shigo Ƙaura da fasinja, kafin azahar ya koma, kuma dole ta gaban rumfar surukinsa zai bi. Mijin 'yar fari kuwa kunyarsa ta ninka ta 'yar. Ba a zama tabarma ɗaya, ba a haɗa ido, magana sai ta kama dole. In Bilyaminu ya zo daidai rumfar sai ya rage gudu, ya sunkuyar da kai, ya saki sitiyari na ɗan lokaci ya haɗa hannu biyu a ƙirji. Malam Muhtari ya amsa wa ƙasa. Gyara kuwa, duk garejin da ke Ƙaura Bilyaminu zai iya kai motarsa ban da wannan. Yaya za a yi ya tsaya a kan ƙafafunsa, uban matarsa na kwance cikin ƙasa ƙarƙashin motarsa?

Cikin daminar bana gaisuwar ta canza. Bilyaminu ya koma ɗaga hannu ɗaya. Wani zai ce aure ya kwana biyu ne, ladabi ya fara raguwa, amma Malam Muhtari bai yi wannan tunanin ba ko sau ɗaya. Ba ya iya kallon fuskar yaron, don haka hannunsa yake kallo, kuma ya ga ɗayan hannun a manne da sitiyari, jijiyoyi a tashe. Ya kasa kunne. Akwai wani ɗan rami gab da rumfar, kuma duk sanda farar motar ta taka shi sai ya ji ƙwas daga gaban dama. Wata safiya bayan ruwa, Bilyaminu ya ratse gefe don ya ba babbar mota hanya, ya bar sawunsa cikin laka. Malam Muhtari ya jira har motar ta ɓace, ya ɗingisa ya je ya tsuguna. Sawun tayar dama zanensa ya fito raɗau ta waje, ta ciki kuwa sumul. Ya daɗe a tsugune a wurin.

Da la'asar ya tafi gidan Asabe.

"Yaya, ki gaya wa yarinyar wajenki ta gaya wa mai gidanta, gwiwar tayar gaba ta dama ta mutu. Kada ya sake ɗaukar mutum sai an canza ta."

Asabe kuwa abin da ta sani game da mota bai wuce tana sa ta amai ba. Ta kira Bara'atu a waya ta ce, "Babanku ya ce a duba tayar mota." Bara'atu ta ji nauyin ta tari mijinta da cewa ubanta ya kushe motarsa, sai ta bari ya ci tuwo ya wanke hannu, ta ce, "Baba yana gaishe ka, ya ce yaya mota." Bilyaminu ba wawa ba ne, ya gane akwai magana. Washegari ya kai ta gun wani mai faci a Shinkafi, aka ce ai ja take yi kaɗan, aka yi mata maganin da aka saba. Da hantsi ya wuce ta gaban rumfar ya haɗa hannu biyu a ƙirji, har da ɗan jinkiri don a gani. Malam Muhtari ya dubi tayar dama ta cika ta batse, ta hagu a kwance, ya yi jifa da sifanar da ke hannunsa har ta bugi kwanon rumfa.

A ranar ya nemo sabuwar gwiwa daidai da motar, ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan akwatin kayan aikinsa. Ya ce gobe zai tare yaron. Gobe ta yi, farar mota ta taho, ya miƙe tsaye, sai kunya ta riƙe masa harshe, ya koma ya zauna yana kallon ƙasa. Haka jibi, haka gata. Sati uku cur ana wannan, motar tana wucewa maƙil da mutane, har da mata da goyo. Gaskiya dai a nan ya yi laifi, kuma ya san ya yi. Mutumin da ba ya raga wa kowa a tasha, ga shi ya kasa ce wa yaro ɗaya tsaya.

Ranar Alhamis da yamma Asabe ta aika ya zo. Ya same ta tana ta gyaran ɗaki, an fitar da tabarmi an baza a rana.

"Jibi Asabar za a kawo ta goyon ciki," in ji ta. "Wata bakwai ke nan, nan za ta haihu gabana in Allah ya so. Mijin da kansa zai kawo ta. Ya ce ranar ba ya ɗaukar fasinja, ita kaɗai, a gaba, don kada gargada ta dame ta."

"A gaba?"

"To ina za a sa mai ciki? Mi ya same ka, Muhtari? Zauna mana."

"Yaya, wagga mota ba ta kai ta Moriki."

"Haba! Ba an gyara ba? To a sake aika mishi."

"Na aika. Kin ga abin da ya isa."

Asabe ta ajiye tsintsiya ta dube shi da kyau. "Kai za ka tare shi ke nan? Mijin ɗiyar fari? Ka tsufa da mutuncinka, ka bari yanzu a yi da kai cikin tasha? Mi mutane za su ce?"

"Ranar Imrana ma mutane sun yi magana, Yaya," in ji shi. "Sun ce Allah ya jiƙan shi."

Asabe ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta. Imrana ita ma ƙanenta ne.

Ranar Juma'a da hantsi Malam Muhtari ya sa farar shaddarsa ta zuwa masallaci, don ba zai tunkari suruki da tsummokaran aiki ba, ya kama hanyar tasha yana ɗingishi. Farar motar ce a kan layi, mutum huɗu sun riga sun shiga. Bilyaminu yana kan bencin mai shayi. Da ya hango wanda ke tahowa sai ya dire kofi, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa.

"Baba, ina kwana? Lafiya dai?"

Malam Muhtari ya wuce shi ya nufi motar. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ya ce wa mutumin da ke ciki, "Malam, ka yi haƙuri ku koma motar baya, wagga ba ta tahiya yanzu." Mutumin ya dubi gemun da ke masa magana, ya fito, sauran fasinjojin suka bi shi. Malam Muhtari ya tattara shaddarsa ya shiga ya ja ƙofa.

Tasha ta yi tsit. Babu wanda bai san waye wannan ba, kuma babu wanda bai san motar wa ce ba. Ɗan kamasho da ke ta kiran Shinkafi Shinkafi ya tsaya da rabin kalma a baki. Wani tsohon direba ya ce "To fa!" a hankali, ya kawar da kai don ya rage wa mutanen biyu nauyi.

"Shiga ka tuƙa," in ji Malam Muhtari, yana magana da gilashi.

Bilyaminu ya shiga ba takalmi, ya manta su gaban mai shayi. Ya maƙale jikin ƙofarsa kamar za ta buɗe ta cece shi, gumi na bin wuyansa. Shi ma tsohon ba daɗi yake ji ba. Dubban hannuwa ya kalla a wannan kujera, amma yau juya wuya kaɗan zuwa hagu ya fi masa ɗaga mota wuya. Ya daure ya juya. Suka wuce rumfar, suka wuce ƙarshen gari, gero ya tsaya kore shar dama da hagu, kwalta ta miƙe.

"Saki."

Bilyaminu ya saki. Motar ta tafi kusan a miƙe, iskar da aka dura tana ɓoye ciwon. Yaron ya ɗan samu numfashi.

"Ai an gyara ta, Baba, tun da saƙonka ya zo."

"Ƙara wuta. Riƙe da yatsu biyu kawai. Yanzu taka birki kamar ka ga saniya."

Ya taka. Aka ji ƙwas, sitiyari ya fizge daga yatsunsa, motar ta yi tsalle dama, tayoyi biyu suka sauka kwalta, ganyen gero ya shafi gilashin da ke gefen tsohon kafin ta tsaya. Inji ya mutu. Malam Muhtari yana riƙe da gaban mota hannu biyu, kuma tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Mutane sun ɗauka don ya ga hannun direba kawai yake zama a gaba. Ba su san shekara ashirin da uku ke nan kullum yana zama a wurin Imrana ba, yana jiran ya ji abin da ya kamata ya ji tun a wancan lokaci.

"Juya," in ji shi. "A hankali. Rumfa."

Kafin su isa, labari ya riga su. Usmanu mai faci, maƙwabcin rumfar, da wasu direbobi uku suna tsaye suna yin kamar ba su suke jira ba. Malam Muhtari ya fito ya fara naɗe hannun shadda, ya jawo jak da ƙafa. Nan Bilyaminu ya sake zubewa ƙasa, ya tare gaban tayar da jikinsa.

"Baba, don girman Allah kada ka kwanta ƙarƙashin motata. Wallahi ba ni iya tsayawa in gani. Na ji, na yarda akwai matsala. Ka bari in kawo iyali gobe, daga nan in kai ta duk inda ka ce. Ba ni gudu, Baba. Zan lallaɓa ta."

Malam Muhtari ya saki jak. A karo na farko tun da aka ɗaura auren nan ya dubi surukinsa ido cikin ido. Ya ɗaga hannu ya nuna kujerar da ya fito daga cikinta.

"Bara'atu za ka sa nan," in ji shi. "Bara'atu. Bisa wagga taya."

Sunan ya fito masa a sarƙe, don bakin bai saba da shi ba. Usmanu mai faci, wanda suka shekara ashirin suna raba goro, bai taɓa jin sa daga wannan bakin ba, sai ya sunkuyar da kai ya koma rumfarsa. Direbobin suka watse ɗaya bayan ɗaya. Bilyaminu ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya ɗauki jak da kansa, ya kafa ya ɗaga motar.

"Kama sama da ƙasa. Girgiza."

Ya girgiza. Tayar ta yi lakaf-lakaf a hannunsa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Malam Muhtari ya shimfiɗa kwali ya kwanta da farar shaddarsa, ya kwance noti. Bai ma nemi guduma ba. Da yatsu biyu ya zaro kan gwiwar daga gurbinsa, a bushe ƙamas, babu ɗigon giris, sai jan gari na tsatsa. Ya fito ya sa shi a tafin hannun yaron.

Bilyaminu ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. "Jiya mutum tara na ɗauko daga kasuwa," in ji shi. "A guje na wuce Moriki, Baba. A guje."

"Na sani. Sati uku ina kallon ka kana wucewa da 'ya'yan mutane, na san abin da ke ƙarƙashinsu, ban tashi ba sai da aka zo kan tawa. Kai ba ka sani ba. Ni na sani. Allah ya yafe mani."

Ya buɗe akwati ya zaro ƙullin tsumma daga ƙasa. Da Bilyaminu ya ga sabuwar gwiwa, ya ga ƙurar da tsumman ya tara, sai ya gane tun yaushe take jiransa. Suka yi aikin su biyu, babu magana sai miƙo wancan, riƙe nan. Suka canza kan tayarod da shi ma ya fara wasa, suka sauke tayar da ta cinye suka ɗora wata, Usmanu ya daidaita iska ba tare da ya ɗaga ido ba. A ƙarshe Malam Muhtari ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, gefe da gefe, yana murɗa sanda kaɗan kaɗan har tayoyin suka fuskanci gaba sak. Da suka sake fita gwaji aka saki sitiyari, aka taka birki, motar ba ta ce komai ba. Da baƙin mai a gaban shadda ya je masallacin Juma'a ranar, kuma kowannensu ya nemi sahun da ya fi nisa da ɗan'uwansa.

Ranar Asabar bai buɗe akwati ba. Motoci biyu suka zo ya ce su dawo gobe. Ya zauna bakin rumfa tun da sassafe, fuskarsa wajen Shinkafi, goro a hannu bai ɓara ba. Ya san aikinsa ya yi kyau, amma hanyar ba gwiwa kaɗai ke kashe mutum a kanta ba, don haka duk farar motar da ta ɓullo sai gabansa ya faɗi. Rana ta ɗaga sosai kafin ya hango tasu. Ta taka ɗan ramin nan shiru. Maimakon ta wuce cikin gari sai ta ratse ta tsaya a gabansa.

Kafin a buɗe ƙofa ya riga ya tsuguna gaban tayar dama, ya ba kujerar gaba baya, ya ɗora tafin hannu a kan roba ya rufe ido. Ya ji ƙofa ta buɗe. Ya ji saukar ƙafa mai nauyi, da nishin mai ciki tana ƙoƙarin kai gwiwa ƙasa a bayansa. Direbobi ba sa riƙe magana, labarin jiya ya riga Bilyaminu isa Shinkafi.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya," in ji shi wa taya. "An iso lafiya?"

"Lafiya lau." Muryarta ta sauka. "Baba, an ce jiya ka kira ni. Ina nesa, ban ji ba." Ta gyara durƙusonta. "Na'am, Baba."

Malam Muhtari bai juyo ba. Ya ci gaba da shafa tayar daga waje zuwa ciki, daga ciki zuwa waje, gemunsa na jiƙewa, ya daɗe yana duba tayar da ya san babu abin da ke damunta.